Amsoshin Tambayoyinku: Cika batir da ruwa har baki yana ƙara masa ƙarfi?

Tambaya: Ina da shagon cajin waya a Kurawa, ƙaramar hukumar Sabon Birni, kuma da sola nake aiki. Duk bazara sai ruwan batirina ya yi ƙasa. Wani ya ce in riƙa cika shi har baki, wani kuma ya ce asid zan ƙara. Ƙanena da ke karatu a Sakkwato ya ce har manyan injinan lantarki na ƙasashen waje wannan matsalar ce ke kashe su. Mece ce gaskiya?

Amsa: Malam, mashawartan nan biyu duk kada ka bi su. Ƙanenka ne ya fi kusa da gaskiya.

Batir mai ruwa, irin wanda Gaston Planté ɗan Faransa ya ƙirƙiro a 1859, faranti ne na dalma da aka tsoma cikin ruwa mai gauraye da asid. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na ruwan nan asid ne. A batir mai bolt 12 akwai ɗaki shida, kowanne da murfinsa. Idan caji ya kusa cika, wutar da ke shiga takan raba ruwan gida biyu, haidirojin da oksijin, su fice ta hudar murfi. Zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40 a ƙasar Gobir, yana ƙara hanzarta wannan. To, ruwa ne kaɗai ke tafiya, asid yana nan. In ka ƙara asid, ka mayar da haɗin ya yi kauri fiye da kima, ya riƙa cin farantin.

Cikawa har baki kuwa ɓarnarta a ɓoye take. Ruwan batir yana kumbura idan ya ɗauki caji da zafi. Sai ya tumbatso, kuma abin da ya zube da asid a cikinsa. Ka sake cikawa da ruwa, haɗin ya ƙara tsinkewa. Bayan 'yan watanni sai ka ga batir ba ya kai dare, kawunansa sun yi farin gari, ka ɗora laifin a kan wanda ya sayar maka.

Injinan da ƙanenka ke nufi su ne fiyul sel. Batir ajiye wuta yake yi, su kuwa muddin ana ba su iskar gas da iskar shaƙa, samar da ita suke yi ba tare da ƙona komai da harshen wuta ba. Akwai nau'in da ke aiki a zafin digiri 650, wanda ruwansa narkakken gishirin kabonet ne, dangin kanwa da ruwan toka. A Hwaseong ta Koriya ta Kudu an gina tashar irin wannan mai kusan megawat 59. Farantin waɗannan injinan cike yake da ƙananan huda, kuma lantarki ba ya samuwa sai a daidai inda iska da ruwa da ƙarfe suka haɗu. Ruwan ya yi yawa, ya toshe hudojin, iska ta rasa hanya, wuta ta ragu. Ya yi kaɗan, sai kafa ta buɗe tsakanin ɓangaren gas da na iska, su gauraya kai tsaye, wurin ya ɗau zafi ya lalace. Duk wanda ya taɓa ban ruwa a komin albasa ya san wannan: ƙishi na kashe ta, kwanciyar ruwa ma na ruɓar da ita. Kuma zafin injin kullum rage gishirin yake, wani ya tafi a tururi, wani ƙarfen injin ya shanye, shi ya sa bayan shekara biyar zuwa bakwai akan sauya cikin injin ɗungurungum.

Kai taka ta fi sauƙi, tunda kana iya buɗe murfi ka leƙa. Ka bari sai batir ya cika caji, sannan ka zuba ruwa ya rufe farantin da kamar santimita ɗaya, ko ya kai layin sama in akwai alama. In ka tarar faranti a waje, fara rufe shi da ruwa kaɗan kafin caji, domin wurin da ya bushe ba ya komawa yadda yake. Tataccen ruwan batir kaɗai za ka zuba, kuma ka tambayi mai shago ka tabbatar ba mai asid ba ne. Ruwan rijiya da na fiya wata suna ɗauke da gishiri da ƙarfe masu ɓata faranti.

Ka ɗauke batir daga jikin kwano mai zafi, ka sa shi a inuwa inda iska ke ratsawa, domin duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yakan raba tsawon ransa biyu. Kada a kunna ashana ko taba kusa da shi, haidirojin fashewa yake yi. In kuma ka ga yana shan ruwa kowane mako, kai kwantirolar cajin solarka wurin mai gyara ya duba, wataƙila caji ne ke wuce kima.