Injunan Iska Na Lambar Rimi

In muka bi hanyar Kano zuwa Katsina, kusa da Lambar Rimi za mu hangi dogayen turakun ƙarfe guda 37 a fili, kowanne da fikafikai a bisansa. Injunan samar da wutar lantarki ne, an kafa su don su ba da megawat 10 gaba ɗaya.

Ta yaya suke aiki? Iska takan bugi fikafikan, su juya sandar ƙarfe, giya ta ƙara wa juyin sauri, sa'an nan janareto ya ba da wuta, kamar yadda tayar keke ke juya dainamo fitila ta kama. An yi su da tsawo domin iskar sama ta fi ƙarfi. Mu lura, in gudun iska ya ninka sau 2, ƙarfinta yakan ninka sau 8.

Ba su shan mai, ba su hayaƙi. Amma in iska ta kwanta sai su tsaya, in kuwa ta yi yawa akan tsayar da su don kada su lalace. Inji kuma sai da mai gyara. Saboda haka muna gargaɗin ɗalibanmu su riƙe lissafi da kimiyya hannu bibbiyu.