Kumfar Gwangwani da Ɗarin Hunturu: Shawarwari ga Magidantan Bande

Daga Disamba zuwa Fabrairu, da iskar gabas ta taso, mai ɗakin kwano ne ke fara jin jiki. Shigifar ƙasa tana tara ɗumin rana a bango da rufi, ta riƙa sako shi a hankali har asuba. Kwano kuwa, rana na faɗuwa ya huce. A yankin Damagaram ma'aunin zafi kan sauka wajen digiri 15 a daren Janairu, wani daren ƙasa da haka, kuma garuruwan Korama irin su Bande, da ke bakin fadamun rake, sun san cizon ɗarin asuba. Shi ya sa ido ya fara kaiwa ga kumfar nan ta gwangwani da masu saka ƙofa da taga ke fesawa, mai haruffan PU a jiki, wadda ake samu a shagunan kayan gini na Damagaram ko na Ƙofar Ruwa a Kano. Dangin soson katifa ce, daga sinadarin da Otto Bayer ya gano a Jamus a 1937. Gargaɗin sanyin da ke jikin gwangwanin don masu fama da ƙanƙara aka rubuta shi. A nan abin da ke ɓata aikin shi ne bushewar iska da ƙura.

1. Nemo kafar tukuna. Da tsakar rana ka shiga ɗakin, ka rufe ƙofa da taga, ka tsaya har idonka ya saba da duhu. Duk inda haske ya leƙo, ta nan jaura ke shigowa da dare. Yawanci wurare uku ne: tsakanin ƙarfen taga da bango, ƙarƙashin tudun-tudun kwano inda ya zauna a kan gini, da ramin da aka huda wa wayar sola. Uwargida ta riga ka sani, don ita ke share layin ƙurar da ke kwanciya a gindin tagar kowace safiya. Ka tambaye ta.

2. Ba kowace kafa ce ta kumfa ba. Tana kama siminti da katako da ƙarfe, ba ta kama leda, a bangon ƙasa kuma garin saman kawai take riƙewa, in ta bushe ta ɓamɓaro da shi. Tsagewar bangon ƙasa maganinta yaɓe, da laka da ramno yadda aka gada. Ramin da ya wuce faɗin yatsu uku a fara cika shi da ɓaraguzan bulo. A ganina gwangwani ɗaya mai mililita 750 ya ishi ɗaki, in an tsaya ga tagogi da bakin kwano.

3. Duba kwanan wata a gindin gwangwanin kafin ka biya. Daga shekara ɗaya zuwa shekara ɗaya da rabi yake yi. Ka girgiza shi kusa da kunne: in ba ka ji ruwan ciki yana motsi ba, ya daskare, mayar wa mai shago kayansa.

4. Share ƙura, sannan ka yayyafa ruwa. Wannan shi ne rabin aikin. Kumfar ba bushewa take yi kamar fenti ba, laimar iska take sha ta ƙame. A damina iska ta ishe ta. A hunturu, lokacin da leɓe ke tsagewa, wanki ke bushewa kafin a gama shanya, babu laimar da za ta sha. Sai ka ga samanta ya yi ɓawo, ka ɗauka ta yi, washegari ka yanka ka tarar da cikin rami ne mai danƙo launin zuma, ta kuma janye daga jikin bango. Don haka ka goge kafar da tsintsiya ko tsohon buroshi, ka huda murfin robar ruwa da allura, ka fesa har wurin ya jiƙe ba tare da ruwa ya kwanta ba. Bayan ka zuba kumfar ka sake yayyafa mata kaɗan. Rami mai zurfi kuma a cika shi hawa-hawa, ana jiƙa tsakani. Ranar da buji ya turnuƙe, a ɗaga aikin.

5. Kada ka yi aikin da asuba. Kumfar tana aiki daga digiri 5 zuwa sama, saboda haka sanyinmu bai hana ta, amma gwangwanin da ya kwana a waje ruwansa kan yi kauri, ya fito a daddafe, rabi ya rage a ciki. Wajen digiri 20 zuwa 25 yake so. Ya kwana cikin ɗaki, a yi aikin da hantsi. In har ya yi sanyi, tsoma shi a bokitin ruwa mai ɗumi, irin wanda za a yi wa jariri wanka da shi, na ƴan mintoci. Kada a kai shi bakin murhu, kada a sa shi a tafasasshen ruwa, kada a bar shi a kan kwano cikin rana: ya wuce digiri 50 yana iya fashewa.

6. Girgiza shi sosai, sau ashirin ko talatin, ka kife shi baki ƙasa, ka fara daga ƙasan kafa zuwa sama. Cika rabi kawai, ko ƙasa da rabi, don tana kumbura ninki biyu zuwa uku. Mai haɗama ya cika ta, sai ta tura ƙarfen taga mara kauri ta lanƙwasa shi, ƙyaure ya ƙi rufuwa. Bututun gwangwanin yana toshewa da zarar an ajiye, don haka ka shirya duk wuraren kafin ka buɗe, ka gama a zama ɗaya. In ya yi saura, maƙwabci ma yana da taga.

7. Safar hannu ko leda a hannu, tabarau a ido, takunkumi a hanci, tsohuwar riga a jiki. Ɗanyar kumfa tana fita da asiton, ruwan goge jan farce. In ta ƙame a fata sai kankarewa da haƙurin kwanaki, a yadi kuwa ta zauna ke nan. Tururinta yana tayar da asma, a fitar da yara da mai tari, a bar ƙofa da taga a buɗe har yamma.

8. Iskar da ke tura kumfar irin gas ɗin girki ce. Babu taba, babu fitilar kananzir, babu garwashi a ɗakin yayin fesawa. Ko bayan ta ƙame tana cin wuta, hayaƙinta kuma guba ne. Ba a saka ta a ɗakin girki, ba a kusantar da ita ga rufin ciyawa.

9. Bayan awa ɗaya zuwa biyu ana iya yanke abin da ya tuttuɗo da wuƙa mai kaifi, ko da yake a hunturu gara a jira washegari. Sai a rufe ta da siminti ko fenti. Rana tana cinye ta: ta yi rawaya, ta koma ruwan ƙasa, ta riƙa marmashewa a hannu. Ɓera yana gatsar ta, gara tana ratsa ta. Inda ɓera ya saba bi, a cusa ragar waya tukuna.

10. Kada a toshe ɗaki ruf. Mutanenmu suna shiga da kaskon garwashi ɗaki da dare, musamman don tsofaffi da mai jego. Gawayi yana fitar da iskar guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi, kuma sau da yawa waɗannan kafofin da muke tsana su ke fitar da ita. Wanda ya toshe su duka ya kuma kwana da kasko, ya haɗa wa iyalinsa tarko. A bar ƴar tagar sama a buɗe, a ɗumama ɗakin, a fitar da kaskon kafin barci. In aka tashi da ciwon kai, jiri da amai, mutum biyu ko uku a ɗaki guda, a fito da su sarari nan take, a nufi likita, in abin ya yi tsanani a wuce asibitin Magarya.

11. Fesa wa cikin kwano duka kumfa, kamar yadda ake gani a bidiyon waya, ba aikin gwangwani ba ne. Wancan tukwane biyu ne na sinadari da ake haɗawa a bakin bindigar feshi, da abin rufe fuska na musamman, aikin ƙwararru. Mai son rage sanyin kwano ya yi silin. In kuɗin filawud bai samu ba, tabarmin kaba ko zana a ɗaure ƙarƙashin kwanon, a bar tazarar taƙi ɗaya, wayar lantarki kuma a zura ta cikin bututun roba nesa da su. Wannan iskar da ke tsakani tana tare ɗarin Janairu, tana kuma rage zafin Afrilu da Mayu. A ƙofa a rataya asabari ko bargo, a gindinta a shimfiɗa tsohon buhu a naɗe.