SAYEN TSOHUWAR TARAKTA MAI COKALI: A YI LISSAFI KAFIN A YI CINIKI

Manoma ƴan'uwa, a rangadin da muke yi na cibiyoyin yaƙi da jahilci cikin yankunan Tasawa da Mayahi, sau da yawa ɗalibai sukan tambaye mu batun tarakta. Wasu ƙungiyoyi sun tara kuɗi. Wasu magidanta kuma ƴaƴansu da ke ci-rani sun aiko musu da ɗan abin hannu. Kuɗin ba su isa sayen sabuwa ba, saboda haka hankali ya koma kan tsohuwa, musamman irin mai cokali a gaba, wadda ke kwasar ƙasa ko taki ta ɗaga ta zuba cikin tirela.

A wani ƙauye mun taɓa tarar da irin wannan tarakta a gindin gawo. Tayoyinta sun sace, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Masu ita sun sayar da shanun huɗa da buhunan wake kafin su same ta. Ba ta cika wata biyu tana aiki ba ta tsaya. Abin da ya lalace bai fi tafin hannu girma ba, amma babu irinsa a Maraɗi, babu a Damagaram, kuɗi kuma sun ƙare tun ranar ciniki. Wannan darasi mun shirya shi ne don kada hakan ya sake faruwa ga wani.

Wane aiki za ta yi?

Tambaya ta farko ba ta farashi ba ce. Tambaya ta farko ita ce: kwana nawa taraktar za ta yi aiki cikin shekara?

Daminarmu gajera ce, ba ta wuce wata uku zuwa huɗu. Lokacin huɗa kuwa ƴan makonni ne kawai. Ban da haka, yawancin gonakinmu jigawa ne. Jigawa ba ta son huɗa mai zurfi, domin idan aka birkice ta, iska na kwashe ƙasar sama mai albarka. Garmar tarakta kuma ba ta san ƴaƴan itatuwan da manoman Maraɗi suka koyi bari a gona ba tun wajen 1984. Inda huɗar tarakta ta fi amfani shi ne ƙasa mai tauri, da fadamu irin na Gulbin Kaba.

Ke nan wanda ya sayi tarakta don huɗa kaɗai, za ta yi wata goma tana kwance. A nan ne amfanin cokali yake. Da rani tana iya kwasar taki daga karar dabbobi zuwa gonaki. Tana ɗora yashi da ƙasar gini. Tana cike ramuka da zaizayar ruwa ta bari a hanya. Tana kwashe jujin gari, tana yashe tabkin da ya cushe. Da kaka kuma tana jan tirelar damman hatsi.

Kafin ku fitar da ko dala ɗaya, ku ɗauki littafi da alƙalami. Ku rubuta sunayen waɗanda za su ɗauki hayarta: magina, masu bulo, manyan manoma, ma'aikatar magajin gari. Ku je ku tambaye su da bakinku, a Korgom ne ko Mai Jirgi, a Kanembakashe ne ko Sarkin Hausa. Idan ayyukan da kuka rubuta ba su cika shafi ɗaya ba, haya ta fi muku saye, amalanken shanu kuma ya fi muku kwanciyar hankali.

Wace iri za a nema?

Ka'idar ɗaya ce: ku sayi wadda makanikin yankinku ya sani, wadda kuma ake samun kayan gyaranta a Maraɗi, ko Katsina, ko Kano.

Ga misali. Kamfanin Massey Ferguson ya ƙera samfurin 135 da 165 daga 1964 zuwa 1975. Na 135 yana da injin Perkins mai silinda 3, ƙarfinsa wajen doki 45. Na 165 yana da silinda 4, ya fi ƙarfi. Ko da yake sun tsufa, an ƙera su da yawa ƙwarai, har yanzu kuma ana yin kayan gyaransu. A birnin Lahore na ƙasar Pakistan, kamfanin Millat yana ƙera samfurin 240 da 375 da 385, waɗanda aka sayar da yawa a Afirka. Irin waɗannan injuna ba su da na'urar kwamfuta a ciki. Makaniki mai sifana da basira yana iya kwance su ya mayar.

Tarakta mai baƙon suna, ko da ta fi sheƙi kuma ta fi araha, ku yi hattara da ita. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ku tuna da 2023, lokacin da aka rufe iyakokinmu da Nijeriya da Benin. Kaya sun yi wuya, iyakar Nijeriya ba ta buɗe ba sai watan Maris 2024. A irin wannan hali, mai injin da kowa ke da irinsa yana samun ko tsohon ƙarfe ya ɗaura. Mai baƙon inji sai zaman jira.

Akwai abu biyu da suka shafi cokali. Na ɗaya, tsofaffin taraktoci da yawa sitiyarinsu ba ya da taimakon mai, da ƙarfin hannu ake juya shi. Idan cokali ya cika, nauyi na danne tayoyin gaba, juyawa ta zama azaba. Ku nemi mai sitiyari mai taushi. Na biyu, idan nauyi ya koma gaba, tayoyin baya na yin sakayau, su dinga juyawa a banza cikin rairayi. Maganinsa shi ne a rataya nauyi a baya, kamar dunƙulen siminti, ko a zuba ruwa cikin tayoyin baya. Tarakta mai ja da taya huɗu ta fi dacewa da rairayi, amma ta fi tsada, gyaranta ma ya fi tsada.

Yadda ake duba ta

Ba a cinikin biri a sama. Kada ku sayi tarakta don hoton da aka nuna muku a waya. Ku je inda take, tare da makanikin da ku kuka ɗauko, ku kuke biyansa. Ku je da sassafe, ku taɓa injin ku ji ya yi sanyi. Injin da aka ɗumama kafin zuwanku yana ɓoye ciwonsa.

1. Kafin a tayar, ku zaro sandar gwada baƙin mai. Idan man ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga cikinsa. Wannan babban gyara ne.

2. Ku buɗe murfin lagireto tun injin na da sanyi. Idan mai na yawo a kan ruwan, ko kumfa na tasowa bayan an tayar, akwai matsala a kan injin.

3. Ku dubi hayaƙin salansa. Shuɗi yana nufin injin na ƙona baƙin mai, ya gaji. Fari da ya ƙi ɗaukewa bayan injin ya yi zafi yana nufin ruwa na shiga, ko gazuwal ba ya ƙonewa daidai. Baƙi mai yawa sau da yawa daga matatar iska ne, ko daga bututun fesa mai.

4. Ku gwada kuloci, domin aikin cokali gaba da baya ne dukan yini, shi ke fara cinyewa. A taka birki, a sa babbar giya, a saki kuloci sannu sannu. Idan injin ya mutu, kuloci na da kyau. Idan ya ci gaba da kuka, kuloci ya suɗe. Canza shi sai an raba tarakta biyu.

5. Ku cika cokali da ƙasa, a ɗaga sama, a kashe inji. Ku tsaya nesa ku yi kallo na ƴan mintoci. Idan yana saukowa da kansa, mai na zurarewa a ciki. Ku dubi tiyo ko sun tsattsage, ku dubi sandunan ƙarfe masu sheƙi ko sun yi tsatsa ko sun lanƙwashe.

6. Ku bi hannuwan cokali da ido, har inda aka ɗaure su a jikin tarakta. Ku nemi tsaga da tabon walda. Sabon fenti a wuri ɗaya kaɗai abin tambaya ne.

7. A dafa cokali a ƙasa har tayoyin gaba su ɗan tashi. Ku girgiza su. Idan suna kaɗawa, ƙarfen da ke riƙe da su ya ci.

8. Ku dubi tayoyin baya da kyau. Su ne mafi tsada cikin kayan da ake canzawa. Idan sun suɗe ko gefensu ya tsage, a rage kuɗinsu daga farashi.

9. Agogon da ke ƙidaya awoyin aiki yana iya mutuwa, ana kuma iya canza shi. Kada ku dogara da shi kaɗai. Matakin kuloci da na birki, idan sun suɗe sun yi santsi, sun fi agogo faɗin gaskiya.

Bayan haka a yi aiki da ita na awa ɗaya cur, a gwada kowace giya. Wasu cututtuka ba su fitowa sai inji ya yi zafi. Mai sayarwar da ya hana gwaji, ku yi masa godiya ku wuce.

Takardu

Yanzu da kuka iya karatu, ku yi amfani da shi. Kowace tarakta tana da lamba a jikinta, injin ma yana da tasa. Ku karanta su, ku gwada da abin da ke cikin takarda, baƙi da baƙi. Idan daga waje aka shigo da ita, ku nemi takardar duwan. A rubuta takardar ciniki mai ɗauke da lambobin nan, da farashi, da kwanan wata, da sa hannun shaidu. Kada ku sa hannu a kan abin da ba ku karanta ba.

Rabon kuɗi

Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tsohuwar tarakta za ta nemi gyara, ko da ta ci dukan gwajin da muka lissafa. Saboda haka kada kuɗin hannu su tafi duka wajen ciniki. Shawararmu ita ce a raba su uku: kashi biyu na saye, kashi ɗaya na ajiya.

Mu ɗauki misali don koyon lissafi. A ce ƙungiya ta tara sefa 6,000,000. To, kada ta taya tarakta fiye da 4,000,000. Sauran 2,000,000 su ne na ɗauko ta, da takardu, da canza mai da matatu tun ranar farko, da gyaran da zai taso, da gazuwal na watan farko.

Sai lissafin yini. A watan Yuli 2024 gwamnati ta rage kuɗin litar gazuwal daga sefa 668 zuwa 618. A ce taraktar na shan lita 5 a awa, ta yi awa 6. Lita 30 ke nan, wato sefa 18,540. A ƙara ladan direba. A ƙara rabon baƙin mai, domin ana canza shi wajen kowace awa 250. A ƙara abin da za a jefa asusun gyara. Jimlar nan ita ce abin da yini ɗaya ke ci. Idan kuɗin haya bai wuce ta ba, ba riba ake ci ba, taraktar ce ake ci da kaɗan kaɗan.

Wanda zai ci bashi, a banki ne ko a asusun adashi, ya tuna cewa ranar biya ba ta jiran inji ya warke. Kada a sayar da shanun huɗa, kada a jinginar da gona saboda tarakta. Ranar da ta tsaya, su ne madogarar iyali.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma tarayya ma tana son tsari. Idan ƙungiya ce ta saya, a naɗa direba ɗaya, da ma'aji ɗaya, da mai littafi ɗaya. Kowace rana a rubuta awoyin aiki, da litar mai, da kuɗin da suka shigo. Ɗan ƙungiya ma ya biya haya kamar kowa.

Kulawa da kiyaye lafiya

Ƙura ita ce babbar abokiyar gābar inji a ƙasarmu. Lokacin hunturu da bazara a share matatar iska kowace safiya. A duba mai da ruwa kafin a tayar. A sa giris a gaɓoɓin cokali. A sayi gazuwal mai tsabta, domin na bakin hanya wani lokaci yana da ruwa ko datti, yana kashe famfon mai.

Ran mutum ya fi ƙarfe daraja. Cokali cike a sama yana kifar da tarakta, musamman a kwana ko a gangare. A yi tafiya da shi kusa da ƙasa, a hankali. Kada a ɗauki mutum cikin cokali, ko yaro ko babba. Kada kowa ya tsaya ƙarƙashinsa. Idan tiyo na tsiyaya, kada a lalube shi da hannu, domin man na fita da ƙarfin da zai huda fata. Wanda hakan ya sama a kai shi likita nan take, ko da raunin ƙarami ne. Kada a buɗe lagireto yana da zafi. Idan an gama aiki, a sauke cokali ƙasa, a zare makulli, saboda yara.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake son duba inji tun yana da sanyi?
2. Shuɗin hayaƙi me yake nunawa?
3. Idan ƙungiya na da sefa 4,500,000, nawa za ta ware na saye, nawa na ajiya?
4. Tarakta ta yi awa 8 tana shan lita 5 a awa. Nawa ne kuɗin gazuwal idan lita na kan sefa 618?

Ku tattauna amsoshin tare da malaminku a cibiya. Ƙungiyar da ke da niyyar saye ta karanta wannan darasi a gaban dukan membobinta, maza da mata, kafin a aiki kowa kasuwa. Allah ya ba mu damina mai albarka.