Yadda jirgin ƙyalle ke tafiya inda iska ke fitowa

Darasinmu na wannan fitowa tambaya ce da yaranmu masu karatun GCSE kan kawo gida, mu manya mu rasa amsa: ta yaya jirgin da ba shi da inji yake nufar wajen da iska ke fitowa?

Kakanninmu sun ga abin da idonsu. Alhazan da suka bi ta Sudan a ƙafa sukan hau jirgin ƙyalle a Sawakin su haye Bahar Maliya zuwa Jidda, wadda take arewa da su, alhali iskar arewa ce ta fi yawa a wannan sashe.

Jirgin ba ya karo da iska gaba da gaba. Yakan kauce mata da kamar digiri 45, ya yi dama, ya juyo hagu, yana ci gaba. Iska na tura ƙyallen gefe, allon da ke ƙarƙashin jirgi cikin ruwa kuma ya hana shi zamewa gefen. Matse jiƙaƙƙen ƙwallon dabino tsakanin yatsu biyu, ka ga ya fice gaba. Haka jirgin yake tsakanin iska da ruwa. Mutanen Birmingham su leƙa tafkin Edgbaston, na Manchester su je Hollingworth kusa da Rochdale, a kai yara su gani.

Akwai wanda ya fi wannan. A 2012, a Kalifoniya ta Amurka, wata mota mai suna Blackbird ta shiga iska kai tsaye da gudun da ya ninka na iskar sau 2.1. Iska ke juya farfela, farfela ta juya tayoyi.

Nan yaro mai wayo zai ce: to ai in ta ƙara gudu iskar da ke bugun farfela ta ƙaru, ƙarfi ya ƙaru, gudu ya sake ƙaruwa, ba iyaka ke nan! Tambaya ce mai kyau, kada a kwaɓe shi. Amma iskar nan da ke juya farfela ita ce ke tura motar baya, kuma in gudu ya ninka biyu, turjiyar iska kan ninka huɗu. Ga gogayyar tayoyi da ta giya. Ana zuwa inda abin da ake samu ya yi daidai da abin da ake asara, gudun ya tsaya nan. Ƙarfin duka daga bambancin motsin iska da ƙasa yake fitowa. In iska ta kwanta, ko an tura motar da hannu, tafiya kaɗan za ta yi ta tsaya.