Kar mu yar da irin wakenmu na gado

Darasin yau ya ɗan fita daga kejin kaji da kududdufin kifi, tunda yawancinmu nan Ambursa zuwa Argungu muna shuka wake cikin gero.

Ina yawan ganin manomi da ya samu sabon iri sai ya kwashe tsohon kaf ya kai kasuwa. Asara ce babba. Kanannado yakan daɗe bai nuna ba, amma ga manyan ƙwaya, ga harawa. Ɗan Ila kuwa ya saba da zaman cikin gero. Kowanne da baiwarsa.

Daga irin waɗannan masana ke fitar da sabbi. Waken gargajiya na Botswana, B301, shi aka gano wuta-wuta ba ta kama shi, IITA ta haɗa shi da wasu har aka samu SAMPEA 10. Ma'ajiyarsu ta Ibadan tana riƙe da samfurin wake sama da 15,000.

Shawarata, a shuka sabon, amma a ware wa tsohon 'yan kunyoyi. A busar da shi sosai, a rufe a jarka, kowane iri daban. Wanda ya ɓace, kuɗi ba sa dawo da shi.

Wane iri kakanninku suka bar maku?