Allo Da Littafi: Darasin Da Na Samo A Agege

Da hutun bara na sauka Agege, can Ikko, wurin wani tsohon ɗalibina. Shi ke riƙe wa waɗansu fataken goro lissafinsu a kwamfuta, cikin rumbun bayanai da ake kira PostgreSQL. An soma gina rumbun nan a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka cikin 1986, aka raɗa masa wannan suna cikin 1996. Bayanai a cikinsa layi-layi suke, kamar rajistar aji.

Na tarar da yaron nan ransa a ɓace. Ya rubuta wani ɗan aiki da harshen C, wanda zai riƙa fito da huhunan goron da kowane falke ya karɓa. Da ya gwada, layin fari ya fito daidai, na biyu shirme, sa'an nan uwar garke ta yanke duk masu aiki da ita. Ga fatake tsaye, suna jira a faɗa musu bashin da ke kansu.

Muka zauna muka duba. To, ga abin da muka gano, ku riƙe shi da kyau.

Ɗan aikin da zai mayar da layuka da yawa, ba sau ɗaya ake kiransa ba. Uwar garke takan kira shi ya ba da layi guda, ta sake kiransa ya ba da na gaba, har su ƙare. Saboda haka aikinsa mataki huɗu ne:

1. Ya tambaya da SRF_IS_FIRSTCALL ko wannan ne kiran fari. In shi ne, ya yi shiri da SRF_FIRSTCALL_INIT.
2. A kowane kira, har da na farin, ya ɗauko shirin nan da SRF_PERCALL_SETUP.
3. In da sauran layi, ya miƙa shi da SRF_RETURN_NEXT, wanda ke ƙara ɗaya a ƙirga.
4. In babu, ya yi sallama da SRF_RETURN_DONE.

Ina kuskuren yake? Wurin ajiya iri biyu ne. Ɗaya kamar allo yake, ana iya wanke shi da zarar kira ya wuce. Ɗayan kamar littafi, yana nan har aiki ya ƙare, sunansa multi_call_memory_ctx. Ɗalibina a kan allo ya ajiye jerin huhunan. Da aka sake kira, ya koma karanta abin da an riga an wanke. Muka mai da ajiyar cikin littafi, nan da nan aiki ya miƙe.

Akwai tarko na biyu. Mai tambaya yana iya cewa layi 10 kaɗai yake so, watau ba lalle a kai kiran ƙarshe ba. Kada ka buɗe fayil ka ce sai can za ka rufe shi. In dole ne, bi ɗaya hanyar: tara layukan duka a kira guda, ka rufe fayil, ka miƙa su gaba ɗaya.

'Yan'uwa masu shirin koyarwa, ranar da za ku yi darasin nan ku shiga aji da allo da littafi. Ku sa yaro ya yi ƙirga a allo, ku wanke, ku ce ya ci gaba. Daga nan ba zai manta ba. Wasalam.