Wa Ke da Alhakin Karyewar Runduna?

A watan Yuni na 1967 Isra'ila ta karya rundunonin Masar da Urdun da Siriya cikin kwana shida. Shugaba Nasir ya ce ya ɗauki alhaki, ya yi murabus, jama'a suka fito tituna suka mayar da shi. Daga nan laifin ya koma kan babban kwamandansa, Abdulhakim Amir, wanda ya rasu a tsare a watan Satumba. Har yau ana gardamar wanda ya jawo.

Alƙur'ani mai girma ya riga ya yi hukunci a kan irin wannan gardama. Ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya tsayar da maharba 50 a kan tudu, ya hana su sauka. Da suka hangi ganima, yawancinsu suka sauka, Musulmi kimanin 70 suka yi shahada. Munafukai suka ce fita daga Madina ne ya jawo. Amma aya ta 152 cikin Suratu Ali Imrana ta ɗora abin a kan jayayya da saɓa umurni da son duniya, kuma a cikinta aka yi musu afuwa. Aya ta 159 ma ta umurci Manzo ya ci gaba da shawara da su, alhali shawarar ce ta fitar da su.

Mutanen Bagudo da Ka'oje da Illo, har Lolo a bakin iyakar Binin, ba sai sun je nesa ba, domin tarihin masarautarsu ta Gwandu yana da misali. A 1805 Gobirawa da Kabawa da Abzinawa suka karya jama'ar Shehu Usmanu a Alwasa. Kafin yaƙin ra'ayi ya rabu, ko a fita ko a tsaya gida. Duk da haka Malam Abdullahi ɗan Fodiyo bai tsaya kan dabarar yaƙi ba. Abin da ya dame shi shi ne wasoson da mayaƙa suka yi wa garin Kwalde, wanda ke da amana da su, da lalacewar niyya. Bai ɓoye aibin don mutanensa ne ba. Ya rubuta kokensa cikin Tazyinul Waraƙati.

'Yan kwanaki bayan Alwasa, ragowar rundunar nan ce ta kori abokan gaba daga ƙofar Gwandu.